Ranar da Baba Ya Makara

Babana mai gyaran agogo ne, shekara arba'in da ɗoriya yana wannan sana'a, amma a gidansa na tashi ban taɓa sanin ƙarfe nawa ba. Duk wanda na gaya wa sai ya ɗauka zolaya nake yi. Wallahi ba zolaya ba ce. Agogon bango tara ne a gidanmu, takwas maƙaryata ne, kuma Baba ne da hannunsa ya koya musu ƙaryar.

Abin yana da asali. Lokacin yana saurayi ya nemi aikin jirgin ƙasa, aka sa ranar jarrabawa. Ya wanke rigarsa ya goge, ya kama hanya, yana isa ya tarar an rufe ƙofa. Da minti huɗu ya makara. Ya roƙi mai tsaron ƙofar har da durƙuso, mutumin sai dai ya nuna masa agogon bango da leɓe. Mun ji labarin minti huɗun nan har mun haddace, mun san launin rigar, mun san irin leɓen mutumin. A hanyarsa ta komawa gida ya tsaya a shagon wani tsoho mai gyaran agogo, ya ce a koya masa. Tun daga ranar ya ɗaura yaƙi da makara, mu iyalinsa kuma muka zama fagen fama.

Shagonsa ɗan tsukuku ne, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da tabarau. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gwangwanayen alewa cike da ƙananan kusoshi waɗanda in ka yi atishawa sai ka watsar da aikin mako guda. Yakan maƙala ɗan gilashin nan a ido ɗaya, ya riƙe hantsaki, ya sunkuya, kai ka ce tiyata yake yi wa sauro. Yanzu da wayar hannu ta cika gari, aikin ya koma canjin batir da ɗaura maɗauri, amma bakwai da rabi daidai yake buɗe shagon, ko da ba wanda zai leƙo sai rana ta yi tsaka. Waya kuwa sunanta a bakinsa agogon malalata.

A gida, tsarinsa shi ne ya auna laifin kowa ya yanka masa daidai da shi. Mama tana da jinkirin shiri, don haka agogon kicin yana gaba da minti ashirin da biyar. Na ɗakina yana gaba da sha biyar. Na falo yana gaba da arba'in saboda Auta, ƙanena, wanda yanzu ya yi aure har da 'ya'ya uku a wani gari, amma agogon falo na nan yana jiran ya tashi. Mu kuma ba wawaye ba ne, kowa ya san kuɗin gonarsa, in ya duba sai ya ɗebe. In Baba ya gane muna ɗebewa, sai ya bari ba kowa, ya hau kujera ya ƙara. Har ƙaramar wayar Mama bai ƙyale ba, ya karɓa wai zai goge mata gilashi.

Na taran shi ne mai gaskiya. Babban agogo ne na katako mai lilo, wanda maigidansa ya ba shi ranar da ya yaye shi. A ɗakin Baba yake rataye, ba mai taɓa shi, ba mai shiga ya duba. Duk awa sai ya buga ƙararrawa, dum, dum, gwargwadon ƙarfen da aka yi. Mu da aka haifa a cikin wannan dum ɗin mun daina jin sa tun tuni. In baƙo ya zabura ya ce mene ne wannan, sai mu ce wanne?

Wata takwas da suka wuce mijina ya samu aikin gina hanya a can nesa, sai na dawo gidan Baba ni da 'yata, muka tare a tsohon ɗakina. Shekararta bakwai, kuma tun tana da huɗu take da farfaɗiya. Ba na son ba da labarin yadda take faɗuwa. Na iya abin da ake yi, a juya ta gefe, a kawar da abin da zai ji mata, a duba agogo, kada a sa mata komai a baki. Na iya, amma duk ranar da ta faɗi sai na ji kamar ranar farko ce. Tana shan maganinta safe da yamma, kuma da an samu sauƙi sosai. Matsalar ita ce barci. Dama can ba gwanar barci ba ce, da muka dawo kuwa abin ya ƙazanta. Sai ta yi awa biyu tana juyi kafin ta runtsa, in ta runtsa kuma ta farka sau uku, sau huɗu. Baba ya raɗa mata suna Maigadi, sunan ya bi ta.

Rashin barcin nan shi ke tayar da ciwon. Wata safiya bayan ta kwana ido biyu, ta faɗi a cikin aji. Daga ranar aka ce ta zauna a gida tukuna. Yarinyar nan da ke son makaranta kamar me! Kullum da yamma sai ta ɗauko rigar makarantarta ta shimfiɗa a kan kujera, ta jera takalmi da safa a ƙasa, wai ko gobe. Ni kuma kullum da safe na ninke na mayar. Sati shida muna wannan.

Ranar ganin likita Baba ya ce da shi za a je. An ba mu ƙarfe goma, muka isa takwas da kwata, mai shara ma bai gama ba. Likitar mace ce, matashiya. Abin da Baba ya fara dubawa shi ne tsintsiyar hannunta, ya ga ba agogo, ya juyo ya kalle ni irin kallon nan na kin ga inda kika kawo mu.

Ta saurare mu tsaf, sannan ta ce za ta gwada mata melatonin. Ta ce wani sinadari ne da jikin mutum ke yi da kansa in duhu ya shigo, shi ke gaya wa jiki dare ya yi. Ba maganin farfaɗiya ba ne, kada mu kuskura mu rage na da. Kada mu ƙara yawan da ta rubuta, kada mu ba wani. A ba ta bakwai da rabi na yamma, a rage fitilu, a kashe talabijin, a kwantar da ita takwas da kwata.

"Amma babban abin shi ne lokaci," in ji ta. "Kullum lokaci ɗaya. Jiki yana da agogonsa, shi muke so mu saita."

Da Baba ya ji an ce agogo, an ce saita, sai ya gyara zama ya yafe mata rashin agogon hannu.

"Likita, kin zo gidan sana'a," ya ce.

Ta ba mu takarda mai layi-layi, mu riƙa rubuta lokacin shan magani, lokacin da ta yi barci, da duk lokacin da ta farka. Mu dawo bayan sati uku. Ta sunkuya ta ce wa Maigadi in aka samu sati biyu cur tana barci sosai ba ta faɗi ba, za ta koma makaranta. Yarinyar ta riƙe takardar nan a ƙirji har gida.

To, ni ina aiki a wani babban kanti, daga ƙarfe biyu zuwa tara na dare. Don haka ba da magani ya faɗa hannun Mama, ita ke cike layin farko. Baba ya karɓi layin barci da na farkawa, tunda bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da namu, kuma ko tari aka yi yana ji. Da agogon hannunsa yake rubutawa, shi ma mai gaskiya ne. Na ce alhamdu lillahi, gidan mai gyaran agogo, ai an gama.

Sati uku suka wuce, ba wani canjin kirki. Wata rana ta yi barci da wuri, wata rana sai ta kai sha ɗaya tana ƙirga silin. Farkawa kuwa ba abin da ya ragu. Ta sake faɗuwa sau ɗaya, a bakin ƙofar banɗaki. Na shiga ɗaki na yi kukana na ƙoshi, na wanke fuska na fito. Na ce maganin nan ba ya yi, shi ke nan.

Muka koma mu huɗu, har da Mama. Likita ta karɓi takardar, ta karanta, ta juya, ta sake karantawa. Na ga tana cije leɓe.

"Mama, ranar Talatar nan kin rubuta kin ba ta magani takwas da kwata."

"Haka ne, 'yata."

"Baba kuma ya rubuta ta yi barci takwas da minti goma. A cikin barcin ta sha?"

"A'a, ido biyu ta sha. Ai takwas da kwatan kicin ne."

"Na kicin?"

"In kin ɗebe ashirin da biyar," in ji Mama, tana lissafi da yatsu.

"Talatin da biyar," in ji Baba, yana kallon silin.

Mama ta juya gaba ɗayanta. "Au! Ka ƙara?"

"Tun watan jiya. Da kika sa muka kusa rasa mota."

"To ai na zargi haka, shi ya sa ran Alhamis na ɗebe awa guda don kada a cuce ni."

"Ran Alhamis a falo kike zaune," in ji Maigadi. "Na falo kika duba."

"To na falo nawa ne yanzu?"

"Arba'in, yana nan yadda yake," in ji Baba. "Ai na Auta ne."

Likita ta ajiye biro, ta tambaya wane ne Auta, kuma shi ma yana shan magani ne. Na so ƙasa ta tsage na shige. Da aka bi lissafin rana-rana, aka gano a cikin sati ukun nan an ba yarinyar nan maganin ƙarfe bakwai da rabi a lokuta daban-daban, tun daga wajen bakwai saura har kusan takwas da rabi. Ranar da aka dace daidai ita ce ranar da batirin agogon kicin ya mutu, Mama ta leƙa ta tambayi maƙwabciya. Likita ta yi dariya har da share ido, ta ce a sa ƙararrawar waya, kowa ya huta. Baba ya haɗiye wannan cin fuska da ƙyar.

Sai likita ta koma layin Baba. Ta yaba rubutun, ta ce shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin takardar barci mai tsabta haka ba, har da minti. Baba ya ɗan farfaɗo, ya gyara hula. Ta fara karantawa a fili.

"Ta farka sha ɗaya da minti ɗaya. Sha biyu da minti ɗaya. Uku da minti biyu. Washegari, sha biyu da minti ɗaya. Huɗu da minti ɗaya." Ta ɗago kai. "Ruwa ba ya tsami banza. Yaro ba ya farkawa da lissafi haka. Me ke faruwa a gidanku duk kan awa?"

"Ba komai," na ce.

"Ba komai," in ji Mama.

Na kalli Baba. Na ga hannunsa ya sauka daga kan hular a hankali. Likita ta juya wajen Maigadi.

"'Yan mata, me ke tashinki da dare?"

"Agogon Kaka. A daidai kaina yake, a bayan bango."

"Haba, 'yar nan!" na ce. "Wata takwas? Me ya hana ki faɗa?"

"Ba wanda ya tambaye ni." Ta saci kallon Baba, ta rage murya. "Kuma Kaka ya ce shi kaɗai ne mai gaskiya a gidan. Na ce kada a kore shi."

Ni uwarta, a gado ɗaya da ita nake kwana, agogon nan yana bugawa a kanmu dare duka, ban taɓa ji ba. Likita ta ce a hankali, melatonin yana taimaka wa yaro ya shiga barci, amma ba zai yi kokawa da ƙararrawa ba. Baba ya miƙa hannu ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallon rubutunsa. Da hannunsa ya kama ɓarawon, kuma ɓarawon ɗan gida ne. Muka kamo hanyar gida.

Ranar bai koma shago ba, abin da bai taɓa yi ba ko da zazzaɓi. Ya ɗauki kujera ya bi ɗaki-ɗaki, yana hawa yana sauka, yana mayar da kowane agogo kan gaskiya. Na kicin, nawa, na Auta. Ya karɓi wayar Mama ya gyara, ya miƙa mata ba tare da ya kalle ta ba. Sannan ya shiga ɗakinsa ya kira Maigadi ta riƙe masa tocila. Ina leƙe ta bakin ƙofa. Ya buɗe cikin babban agogon, ya maƙala gilashinsa, ya kwance wata 'yar guduma da ba ta fi ɗan yatsa ba, wadda ke dukan ƙararrawar. Ya naɗe ta a hankici ya sa a aljihun gaba.

"Kaka, ya mutu?"

"Bai mutu ba. Yana nan yana faɗin gaskiya, sai dai ya koyi yin shiru."

Daga nan gidanmu ya shiga wani sabon rikici. Mama ta ƙi yarda agogo na iya tuba. Ta ci gaba da ɗebe ashirin da biyar ɗinta, don haka duk inda za ta sai ta makara, abinci ma ya koma makara. Da wayata ta yi ƙara bakwai da rabi, wadda na bar mata don maganin, sai ta ce wa wayar, "Ke ma ya taɓa ki?" Dole Baba ya karɓe aikin ba da maganin. Bakwai da minti ashirin da tara zai tsaya da kofin ruwa a hannu, idonsa a kan tsintsiyarsa, yana jiran dogon hannu ya hau. Sannan ya bi gida yana kashe fitilu kamar mai karɓar haraji, ya kashe wa Mama talabijin ana tsakiyar shiri.

Tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana barci da dum a kansa, da aka cire dum sai barci ya ƙaurace masa. Duk kan awa sai ya farka don bai ji komai ba. Da safe ya fito ido jawur. Mama ma haka, wai shirun ya yi mata ƙara. Har ta same ni a kicin ta ce ko zan ɗan gutsura mata rabin ƙwayar yarinyar. Na ce likita ta ce ba a rabo, in tana so ta je a duba ta. Ta ce 'ya'yan yanzu ba tausayi.

Amma Maigadi ta fara barci. Ba a dare ɗaya ba, kada na yi ƙarya. Daren farko ta farka sau biyu, ina jin don sabo. Daga baya sau ɗaya. Daga baya layin Baba ya koma fari fat, sai dai ya ja ɗan layi ya rubuta babu. Ta daina gyangyaɗi a kan kofin shayi, ta koma surutu har sai an ce ta yi shiru. Kwana goma sha huɗu ba ta faɗi ba. Na san ba warkewa ba ce, likita ma ta faɗa, ciwon yana nan kuma magani yana nan. Amma da muka koma ta sa hannu a takarda, ta ce ran Litinin a koma makaranta.

Ran Lahadi da yamma ta shimfiɗa rigar a kan kujera, ni kuma na san gobe ba zan ninke ba. Ana shiga aji ƙarfe takwas, tafiyar kuma ta kusa rabin awa, don haka shida da rabi ya kamata ta tashi. Shida da rabi na fito daga wanka, na tarar da Baba ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofar ɗakinmu, ya sha babbar riga, hula a kai.

"Baba, matsa in tashe ta."

"Leƙa ki gani," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Na leƙa. Ta yi ɗaiɗai a gadon, ƙafa ɗaya a kan matashina, baki a buɗe, har da ɗan minshari. Tun takwas da rabi na jiya ba ta motsa ba.

"Baba, za ta makara fa. Ranar farko."

"Maganin safe ƙarfe nawa ne?"

"Bakwai da rabi."

"To bakwai da rabi za a tashe ta. Magani ne ba ya jira. Makaranta ta jira mu sati goma sha ɗaya, ba za ta gaza jiran minti arba'in ba."

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta ce in taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne. Ya ɗora yatsa a baki ya ce mata shhh. Awa guda cur mutumin nan ya zauna yana gadin Maigadi, shagonsa a rufe.

Bakwai da rabi ya tashe ta da kansa, ya ba ta magani. Da ta ga hasken rana ta duba agogon ɗaki, ta tuna yanzu ba ya ƙarya, sai ta fasa ihu, "Kaka, mun makara!" Ya ce ya sani, ta ci burodinta a hankali. Muka tafi mu uku, tana jan hannunsa, shi kuwa yana tafiya kamar mai zagayen gona.

A bakin ƙofar makaranta akwai malamin da ke rubuta sunan waɗanda suka makara. Da ya gan ta ya washe baki, ya yi mata barka da dawowa, ya rufe littafin ya ce yau an yafe.

"A'a, malam, rubuta," in ji Baba.

"Ai ba komai, Baba, mun san lalurarta."

"Ba lalura ba ce ta makarar da ita. Barci ta yi. Rubuta, ka sa dalili."

Malamin ya kalle ni, na ɗaga kafaɗa. Ya buɗe littafin, ya waiga ya duba agogon da ke bangon ofis, ya rubuta takwas da minti talatin da takwas. Baba ya ja hannun rigarsa ya duba nasa.

"Da arba'in da biyu. Naku yana baya da minti huɗu, ku kawo shi shago in duba. Gyara, malam, kada ka rage mata ko ɗaya."

Malamin ya soke ya gyara. A layin dalili ya rubuta barci. Maigadi ta riga ta ruga, jakarta na tsalle a bayanta, ko waige ba ta yi ba. Baba ya tsaya yana kallon kalmar nan a littafin, ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro hankici zai share ido, 'yar gudumar ta faɗo ƙasa. Na sunkuya na ɗauka na miƙa masa. Ya mayar aljihu, ya ce mu tafi, ya makara shago.